Na sayi sintesaiza amma sautukan kamfani kawai nake kaɗawa, ta ina zan fara haɗa nawa?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambayar. Ya sayi sintesaiza ta gaske, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, mai kibod da maɓallan murɗawa a fuskarta, ba manhajar kwamfuta ba. Ya iya kaɗa fiyano daidai gwargwado, amma idan ya zauna gaban na'urar sai dai ya yi ta sauya sautukan da kamfani ya zuba mata. Duk lokacin da ya taɓa wani maɓalli, ko dai sautin ya lalace gaba ɗaya, ko kuma bai ji wani canji ba. Yana son a nuna masa bakin zaren.

Ɗan'uwa, kunnenka lafiya lau yake, na'urarka ma lafiyarta ƙalau. Wurin da ka fara ne bai dace da mai koyo ba. Sautin kamfani aiki ne da ƙwararre ya riga ya gama: osileta (mai haifar da sauti) biyu ko uku suna aiki tare, wani abu yana girgiza filta (mai tace sauti) a ɓoye, an zuba kwaras (mai sa sauti ɗaya ya yi kamar da yawa), an rufe da riba (amsa-kuwwa irin ta babban ɗaki). Ka murɗa maɓalli ɗaya a cikin wannan cunkoso, ta yaya za ka ware abin da ya canza? Ga kuma wani abin da yake rikita kusan kowa. A na'urar da take adana sauti, inda maɓalli yake tsaye a fuska ba shi ne abin da ke cikin sautin da ka ɗauko ba. Maɓallin yana iya nuna rabi, alhali a ajiye an rufe shi kusan duka. Wasu na'urorin da zarar ka taɓa sai su yi tsalle zuwa inda maɓallin yake, sautin ya rikice nan take. Wasu kuma ba za su kula ka ba har sai ka murɗa ka iso adadin da aka adana. Abin nan biyu da ka kawo ƙorafi a kansu, yawanci daga nan suke fitowa. Duba littafin na'urarka, sau da yawa akwai wurin zaɓar yadda maɓallan za su amsa. Wasu ma suna da maɓalli guda da zai sa sautin ya bi fuskar na'urar yadda take, kamar wanda aka rubuta MANUAL a kan Roland Juno-106.

To, ka nemi sautin da babu komai a cikinsa. Yawancin na'urori suna da shi, ana rubuta INIT. Idan taka ba ta da shi ka haɗa da hannunka: osileta ɗaya tak a kan igiyar haƙorin zarto, filta a buɗe har ƙarshe, rezonans a sifili, duk wani LFO a kashe (bayaninsu yana tafe), kwaras da riba da dile (mai maimaita sauti) duk a kashe. Abin da za ka ji ba shi da daɗi ko kaɗan, wani zuuu ne mai kaifi wanda yake farawa da ka danna, ya yanke da ka saki. Daga nan kowane sauti yake fitowa, kuma nan za ka riƙa dawowa duk lokacin da ka ɓace.

Kafin ka murɗa komai ka riƙe hanyar da sauti yake bi, don ita ce taswirar fuskar na'urar. Osileta ce take haifar da sauti, filta ta rage masa wani sashe, amfilifaya ta yanke ƙarfin da zai fita da shi. A jikin na'ura za ka ga VCO ko OSC, sai VCF, sai VCA ko AMP, galibi a jere daga hagu zuwa dama. Sauran abubuwan, wato embelof da LFO, ba sa fitar da sautin da kake ji. Aikinsu shi ne su murɗa wa waɗancan ukun maɓalli a madadinka, da sauri da daidaiton da hannu ba zai iya ba. Duk maɓallin da ka gani ka tambayi kanka: wannan yana kan hanyar sauti ne, ko yana cikin masu murɗawa? In yana cikin masu murɗawa, me yake murɗawa, kuma an buɗe masa hanya? Embelof ɗin filta, alal misali, kana iya wasa da shi har gobe ba ka ji komai ba idan maɓallin adadinsa yana sifili. Wannan shi ne dalili na biyu na "na murɗa ban ji canji ba".

Maganar osileta ba ta da tsawo, amma sai da ita za ka fahimci filta. Idan ka danna A da ke saman C na tsakiya, iska tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Sai dai sautin da ke da kauri ba 440 kaɗai yake ɗauke da shi ba, akwai 'ya'yansa a sama: 880, 1320, 1760, haka dai ninki bayan ninki. Su ake kira hamonik, kuma yawansu da ƙarfin kowanne shi yake bambanta muryar wannan kayan kiɗa da wancan ko da sauti ɗaya suke kaɗawa. Haƙorin zarto yana da su duka, na biyu rabin ƙarfin na farko, na uku kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa yake da cika da kaifi. Igiya mai murabba'i ta tsallake na biyu da na huɗu da na shida, ta riƙe na uku da na biyar da na bakwai, sai ka ji ta kamar mai rami a ciki, kusa da muryar kilarinet. Igiyar alwatika ma waɗannan na uku da na biyar da na bakwai take da su, amma suna raunana da sauri, don haka tana da laushi. Igiyar sayin (SINE) kuwa ba ta da ko ɗaya, ita kaɗai ce tsurarta. Alƙaluman 16, 8 da 4 da kake gani a gefen osileta an gado su ne daga tsawon bututun ogan da ƙafa: duk rabi, oktaf ɗaya sama, wato yawan kaɗawar ya ninka.

Tunda filta ragewa take yi, ba ta ƙarawa, kada ka ɗora ta a kan sayin ka yi tsammanin wani abu. Babu abin da za ta cire. Da zarto ake koyo.

Yanzu filta, inda nake so ka daɗe. Wadda aka fi amfani da ita tana barin ƙasa ya wuce, ta datse sama, kuma maɓallin CUTOFF shi yake nuna daga ina datsewar za ta fara. Ka riƙe sauti ɗaya a ƙasan kibod da hannun hagu, ka rufe katof a hankali, a hankali ƙwarai, kamar daƙiƙa goma daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Za ka ji kaifin yana tafiya, sannan cikar, har a bar ka da wani ɗumi-ɗumi, sannan shiru. Ka gwada da bakinka: ja "aaaa" da baki a buɗe, ka riƙa rufe leɓe har ya koma "uuuu". Muryar da ke fitowa daga maƙogwaronka ba ta sauya ba, bakin ne yake tace ta. Abin da filta take yi ke nan.

Sai ka ɗaga rezonans zuwa kamar kashi biyu cikin uku, ka sake wannan tafiyar. Rezonans yana ƙarfafa ɗan yankin da katof yake tsaye a kai, don haka a wannan karon, idan ka yi a hankali, za ka ji hamonik ɗin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana hawa matakala. Wannan gwaji ya fi duk wani zane da za a yi maka a takarda, domin abin da na faɗa a kan 880 da 1320 za ka ji shi da kunnenka. Ka sauya zuwa murabba'i ka sake, za ka ji matakalar tana tsallake wasu. Ka rage ƙarar lasifika kafin ka kai rezonans ƙarshe, don a filtoci da yawa yana kai wa ga filtar ta fara fito da kanta, fito mai kaifi da zai iya cutar da kunne. Sunansa yana bambanta: a Minimoog an rubuta EMPHASIS, a Korg MS-20 an rubuta PEAK, duk abu ɗaya ne. Idan na'urarka tana da zaɓin 12 da 24, wannan yawan desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ɗin da filtar take zaftarewa ne a kowace oktaf sama da katof. Ta 24, irin wadda Bob Moog ya yi suna da ita, tana yanka sosai, ta dace da bes, wato sautin ƙasa mai kauri. Ta 12 tana barin ɗan haske ya tsira.

Akwai wani ƙaramin maɓalli kusa da filta da mutane suke tsallakewa, mai sa katof ya bi kibod. In yana sifili, sautin da ka daidaita ya yi daɗi a ƙasa zai dushe idan ka hau sama, domin filtar tana nan inda ka bar ta, sautin kuwa ya wuce ta. Ka buɗe shi rabi ko duka idan za ka kaɗa a faɗin kibod.

Sai embelof, wanda a ganina shi ne rabin sana'ar. Mutane suna ɓata lokaci suna neman igiyar da ta dace, alhali abin da kunne yake fara gane sauti da shi shi ne yadda ya faro da yadda ya mutu. Ɗauki rikodin fiyano ka yanke masa farkonsa, wurin da guduma ta bugi waya, mutane da yawa ba za su gane fiyano ne ba. Haruffa huɗu ne: A, D, S, R. A lokacin da sauti zai ɗauka ya kai ƙololuwa bayan ka danna. D lokacin da zai ɗauka ya sauko daga can. R lokacin da zai ɗauka ya ɓace bayan ka ɗaga yatsa. S kuwa ba lokaci ba ne, matsayi ne: inda sautin zai tsaya muddin yatsanka yana kan kibod. Wannan bambancin yana da sakamako. Idan S yana sama har ƙarshe, D ba shi da inda zai sauko, don haka ka murɗa shi yadda ka ga dama ba za ka ji komai ba. Idan S yana sifili, sautin zai mutu ko yatsanka yana kan kibod, kuma D ne kaɗai zai ce yaushe.

Bari mu haɗa bes tare, daga INIT. Zarto, osileta a 16. Rufe katof har ya rage kamar kwata, sautin ya zama dishi-dishi. A embelof ɗin filta: A sifili, D gajere kamar kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, S sifili. Yanzu ka riƙa danna sauti ɗaya a jere da hannu guda, ɗaya hannun kuma yana ɗaga adadin embelof daga sifili. Za ka ji wani "dau" yana tsirowa a bakin kowane bugu: filtar tana buɗewa farat ɗaya, ta rufe. Rage D, ya koma "tak", kamar an tsinki waya. Ƙara shi, ya zama "dauuu". Ɗiga rezonans kaɗan, sai ya fara yin "kwau". Maɓalli huɗu ne kawai a hannunka, katof, adadin embelof, D da rezonans, amma a tsakaninsu akwai bes ɗin da zai ishe ka shekaru. Roland TB-303 da ta fito a 1981 kusan waɗannan ne duk abin da take da shi a fuska, kuma a kanta aka gina wani salon kiɗan rawa sukutum. Lura da yadda katof da adadin embelof suke jan juna: katof shi ne inda filta take hutawa, adadin kuma nisan da za ta yi tsalle daga nan. Idan katof a buɗe yake har ƙarshe, babu sauran wurin tsalle.

Daga wannan bes ɗin, ba tare da ka taɓa osileta ba sai dai ka mayar da ita 8, ƙara A na filta zuwa kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ka ɗaga S ɗinta rabi, ka bar amfilifaya tana buɗewa da sauri. Abin ya koma kamar ƙahonin tagulla, domin haka su ma suke yi, ƙara ta fara fita sannan haske ya biyo baya. Ƙara A na amfilifaya zuwa daƙiƙa ɗaya, R zuwa biyu, ka riƙe kod (sautuka da yawa a tare), ka samu shimfiɗar nan mai laushi da ake sawa a bayan waƙa. Sautuka uku, igiya ɗaya. Idan ka ji wani ɗan "ƙas" a farkon sauti lokacin da A yake sifili, ba lalacewa ba ce, amfilifayar ce take buɗewa da gaggawa. Ɗaga A ɗan mitsitsi ya tafi, ko ka bar shi in bugun kake so ya fito.

Sai bayan wannan za ka kunna osileta ta biyu. Sa ta a zarto ita ma, ka karkatar da ita kaɗan daga ta farko. Idan ɗaya tana 440 ɗaya tana 441, za ka ji sautin yana kumbura yana saɓewa sau ɗaya a daƙiƙa, bambancin da ke tsakaninsu ke nan. Wannan motsin shi ake ji a ce sauti ya yi kauri. A shimfiɗa yana da kyau. A bes ka yi hattara, don duk lokacin da igiyoyin biyu suka soke juna ƙasan waƙarka zai ɓace na ɗan lokaci. Gara ka sauke ta biyun oktaf ɗaya ƙasa ka bar su daidai.

LFO osileta ce mai tafiyar hawainiya, yawanci ƙasa da sau 20 a daƙiƙa, wato ƙasa da abin da kunne yake ji a matsayin sauti. Tura ta kan osileta a kusan sau biyar ko shida a daƙiƙa, da adadi kaɗan, ka samu rawar muryar mawaƙi. Tura ta kan amfilifaya, ƙara ta riƙa hawa da sauka. Tura ta kan faɗin igiyar murabba'i, osileta ɗaya ta yi kamar biyu, wanda yana cikin dabarun da suka sa Juno-106 ta 1984 take da cika duk da osileta ɗaya take da ita a kowace murya. Kuskuren masu koyo a nan ɗaya ne, suna zubawa da yawa. Adadin da ya yi maka daidai, rage rabinsa.

Kwaras da riba kuwa ka bar su a kashe har sai sautin ya tsaya da ƙafarsa. Riba tana sa komai ya yi daɗi, har abin da ba shi da kyau, don haka tana hana ka jin aikin da ka yi.

Yanzu za ka iya komawa sautukan kamfani, amma da wata niyya dabam. Zaɓi ɗaya da kake so, ka warware shi. Kashe riba da kwaras tukun, ka ji abin da ya rage, wani lokaci za ka sha mamakin ƙanƙantarsa. Kashe osileta ta biyu. Sauke adadin LFO. Buɗe filta. Kowane mataki ka tsaya ka saurara. Sannan ka koma INIT ka yi ƙoƙarin sake gina shi ba tare da leƙawa ba. Ba zai fito daidai ba, kuma tazarar da ta rage ita za ta nuna maka abin da ba ka gane ba tukuna. Wata al'ada da nake ba kowane mai koyo: kafin ka murɗa maɓalli, faɗa wa kanka abin da kake zaton za ka ji. In ya zo daidai, ka san maɓallin. In bai zo ba, tsaya ka gano dalili kafin ka wuce. Mai murɗe-murɗe kawai yana iya dacewa da sauti mai daɗi, amma gobe ba zai iya maimaita shi ba, kuma ran da mawaƙi ya ce masa "ƙara masa haske kaɗan amma kar ya yi kaifi" ba zai san inda zai kai hannu ba.

Mutanen farko dole ce ta koya musu. Minimoog da ta fito a 1970 ba ta adana komai, in ka samu sauti sai ka zana matsayin maɓallan a takarda, in za ka sauya waƙa ka murɗa su da hannu. A 1978 Prophet-5 ta Dave Smith ta zo da muryoyi biyar da ma'adanar sauti 40. Sauƙi ya samu, amma daga nan aka fara samun masu na'ura da ba su taɓa haɗa sauti ba. Ni dai ina ganin rubutawa a takarda har yanzu tana da amfani ko na'urarka tana adana ɗari biyar, don hannu yana riƙe abin da ya rubuta.

Duk wannan bayani a kan na'urar da ke bin tsarin ragewa ne, wato osileta da filta. Ba ka faɗi wacce ka saya ba. In irin ta FM ce, zuriyar Yamaha DX7 ta 1983, lissafin ya sha bamban. John Chowning ne ya gano hanyar a Jami'ar Stanford, Yamaha ta karɓi lasisi. DX7 ba ta da filta sam. Tana da ofareta shida, kowacce osileta ce mai igiyar sayin, da hanyoyi 32 na jona su, kuma ana samun hamonik ne ta hanyar sa wata ta girgiza wata da sauri. Da ɗan ƙaramin allo da silaida guda ake shigar da komai, shi ya sa ɗimbin masu ita suka tsaya a kan sautukan da ta zo da su. Amma hanyar koyo ba ta canza ba: kashe huɗu, bar biyu, ɗaya tana fitar da sauti ɗaya tana girgiza ta. Ƙarfin mai girgizawar yana yin aikin da katof yake yi, embelof ɗinta kuma yana yin aikin embelof ɗin filta. Idan saurinsu ɗaya, sautin yana karkata wajen zarto. Idan mai girgizawar ta ninka ɗayar sau biyu, yana karkata wajen murabba'i. Ka ba ta adadin da ba cikakke ba, kamar 3.5, ka bar sautin ya mutu a hankali, sai ƙararrawa ta fito, abin da filta da zarto suke shan wahala kafin su kwaikwaya.

In kuma taka mai zurfin menu ce, maɓallai kaɗan shafuka da yawa, ka nemo shafin filta da na embelof ka haddace hanyarsu, ka ɗora katof da adadin embelof a kan maɓallan da ake iya ba wa aiki. Sautin da ka haɗa kuma kar ka yanke masa hukunci shi kaɗai. Sa ganguna da murya su tafi, ka kaɗa shi a ciki. Yawanci za ka tarar shimfiɗar da ta burge ka ta cinye wurin mawaƙi, sai ka rufe katof kaɗan, ka datse mata ƙasa in kana da filta mai yin haka, ka rage R don kod ɗin baya ya daina shiga cikin na gaba.